Keken Jarirai da 'Yar Shekara Takwas

Yayata da ke aure a Kaduna ce ta kawo mini keken jarirai ranar sunan autata. Baƙi ne, mai 'yar rumfa a sama, ana naɗe shi kamar laima. Matan da suka zo suna sai da kowacce ta taɓa shi. Bayan an watse na tura jaririyar a tsakar gida sau ɗaya ko biyu, daga nan ban ƙara ba. Lungunmu a Makarfi ba na keke ba ne: da damina taɓo, da rani rairayi, ga kwata a tsakiya. Kuma ina macen da za ta ajiye zanen goyo ta kama tura ɗanta a gaba kamar mai tallan rake a baro? Na naɗe shi na jingine a ɗakin ajiya, bayan buhunan masara, na manta da shi.

Da na sake tuno shi, ba don autar ba ne. Don yayarta ne, 'yar farina, wadda a lokacin take da shekara takwas.

Yarinyar tana da sikila. Tun kafin a yaye ta muka gane, lokacin da hannayenta da ƙafafunta suka kumbura, tana kukan da ba nono ba goyo da ke tsayar da shi. Tun daga nan na haddace abubuwan da ke tayar mata da ciwon: gajiya, rana, ƙishirwa, sanyi. In ya tashi, a ƙashi yake zama. Da ta iya magana ta ce mini ji take kamar ana daka mata ƙafa da taɓarya. Tashin da ya fi ba ni tsoro shi ne na bikin ƙanina a Kurmin Kogi, garinmu. Hidima ta ɗauke mini hankali, ta bi yara fadama kallon masu tsinkar tumatir, ta dawo da yamma tana dariya. Washegari muna gadon asibiti, ana ƙara mata ruwa, daga baya har jini. Tafiyar da sa'o'inta suka yi ko a jikinsu, ita ta kusa raba ni da ita.

A shekarar da nake ba da labari ta haddace izu biyar a Islamiyya. Mahaifinta malamin firamare ne, yana kuma taɓa noman rake, kuma ba abin da ke faranta masa rai irin karatunta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake ce mata. Ranar da ta ba da haddar ya zaunar da ita a gabansa.

"Uwata, faɗi abin da kike so."

Ba ta yi wani dogon tunani ba. Ta ce filin wasan yara na Kaduna take son zuwa, wanda ta gani a wayar yayata, mai babban lilon nan da ke zagayawa da mutane har sama.

"An gama," in ji shi, tun kafin ya dubi inda nake.

Da ta fita da gudu don ta gaya wa ƙawayenta, na ce, "Malam, ka san abin da ka ɗauko kuwa?"

"Alkawari na ɗauko. Me ya faru?"

"Wurin nan fa yawo ne. Ga zafin bazara."

"To a bari sai damina."

"Da damina ruwa zai dake ta."

"Da sanyi fa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Kin gani ko? Ke ai babu lokacin da zai yi miki. Za mu je a hutun nan, Allah zai tsare."

Na kira yayata na tambaye ta yadda wurin yake. Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce daga inda ake ajiye mota zuwa ƙofa ma tafiya ce. In an shiga, kowane abin wasa yana nesa da ɗan'uwansa, kuma kowanne sai an bi layi, a tsaye, babu inuwar kirki.

"Wai ina keken nan da na kawo miki?" ta ce.

"Yaya, shekararta takwas fa."

"To sai me? Nan ina ganin yara zanƙala-zanƙala ana tura su. Balle ita da ba ta da jiki."

Maganar ta soke ni, amma gaskiya ce. Wanda bai sani ba zai ce shekararta shida.

Sai da yarinyar ta tafi makaranta na shiga ɗakin ajiya na jawo keken. Ɓera bai ci ba, ƙura ce kawai da yanar gizo. Na wanke shi da omo, na ɗiga wa ƙafafun man keken ɗinki. Na ɗauko ƙaramin buhun shinkafa na ɗora a ciki na tura daga bakin rijiya zuwa ƙofar zaure, ina sauraron ko zai yi ƙara. Bai yi ba. Na ɗauko doguwar rigarta na shimfiɗa a kai don in ga inda ƙafafunta za su tsaya. Za su ɗan zarta matakin, amma in ta lanƙwashe gwiwa za ta shiga. Na tsaya ina kallon rigar nan a cikin keke, ban san ko daɗi nake ji ko baƙin ciki ba.

A haka surukata ta same ni. Ranar kasuwar Makarfi ce, ta zo daga Gubuchi, ta biyo ta ga jikokinta kamar yadda ta saba. Na shimfiɗa mata tabarma, na durƙusa muka gaisa, na tambayi mutanen gida da gona da awaki, na kawo mata ruwa. Duk gaisuwar nan idonta na kan keken.

"Wannan kuma fa? Ko wani rabon ne ban sani ba?"

"A'a, Inna." Na sunkuyar da kai na gaya mata zancen tafiyar, da abin da nake tunani.

Ta sake duban keken. Sannan ta ce, "Takwarar tawa za a ɗora a wannan? Yarinyar da ke yi miki wanke-wanke?"

"Don kar ta gaji ne, Inna."

"Na ji. Amma ki saurare ni. Mutum in ya gan ta a cikin wannan abin, ba zai manta ba. Yau yarinya ce, gobe budurwa ce. Kada ki mai da ita majinyaciya a idon duniya da hannunki."

"Ai Kaduna ce, ba wanda ya san mu."

"Ita fa? Ita ba ta san kanta ba?"

Ta kurɓi ruwa, ta gyara mayafinta, muryarta ta sauka. Ta ce ita ma ta yi jinyar irin wannan ciwo, a 'ya'ya biyu, yayyen Malam, tun ana ce masa amosani, ba a san wani gwajin jini ba. Duk biyun ba su yi tsawon rai ba. Na san da zancen, amma ban taɓa ji daga bakinta ba.

"In za mu je unguwa goya su nake yi," ta ce, "har ƙafafunsu na dukan bayan gwiwata. Goyo ba abin kallo ba ne. Kowa ya ga uwa da ɗa a baya ya san gajiya ce."

"Ina da goyon ƙaramar, Inna."

"Uban fa? Ba shi da kafaɗa?"

Akwai abin da ba ta faɗa ba, amma na ji shi. 'Yar fari ce. A garinmu uwa ba ta ko kama sunan ɗan fari, balle ta nuna rawar jiki a kansa a gaban mutane. Ni ciwon yarinyar nan ya daɗe da cire mini rabin wannan kunyar, amma tura ta a keke a bainar jama'a wani mataki ne daban.

Muna cikin haka aka taso daga makaranta. Yarinyar ta shigo da sallama, ta faɗa jikin kakarta, sai ta hangi keken da rigarta a shimfiɗe a ciki. Na manta ban ɗauke ba. Yarinya ce mai saurin ganewa. Ta dubi rigar, ta dube ni.

"Umma, na wane ne?"

"Zo ki cire kayan makaranta tukuna."

"Umma, ni za a sa a ciki?"

"In kin gaji ne kawai. Ba dole ba ne."

Ba ta yi ihu ba. Ta je ta ɗauke rigarta, ta rungume, ta ce, "Ni ba jaririya ba ce. Kuma ni ba gurguwa ba ce." Ta shige ɗaki. Can na jiyo kukanta ƙasa-ƙasa. Inna ta dube ni, ta tashi ta bi ta.

Da Malam ya dawo ya ji abin da ya faru, ya ce a mayar da keken inda aka ɗauko shi. Ya ce in ta gaji shi zai ɗauke ta. Na ce ɗauka ta minti nawa, a cikin rana, a layin da ba a san ƙarshensa ba, shi da ke fama da ciwon baya tun saran raken bara? Ya ce na cika tsoro. Na ce shi ba ya kwana a asibiti, shi ya sa. Da na faɗa na so in janye, don ba gaskiya ba ne: yana kwana, a baranda, a kan kwali. Ya ɗauki butarsa ya fita masallaci.

A kwanakin da suka biyo baya ba abin da nake yi sai juya zancen. In na ce a bar keken, sai in ga ƙafafunta a kan gadon asibiti. In na ce a tafi da shi, sai in ga fuskarta lokacin da ta ɗauke rigar. Har na yi tunanin in sa a fasa tafiyar gaba ɗaya, in ce mota ta lalace. Amma ta riga ta gaya wa duk 'yan ajinsu, ta zaɓi kayan da za ta sa, kuma kullum sai ta tambayi babanta saura yaushe.

Ranar da muka je karɓo magungunanta na wata, na bar ta a benci na keɓe da nas ɗin da ke duba masu sikila. Wata dattijuwa ce 'yar Kudan, ta san yarinyar tun tana goye. Na zayyana mata komai, ina fatan ta yanke mini hukunci in huta.

"Ni abin da zan ce miki na jiki ne," ta ce. "Ta sha ruwa sosai, ta riƙa hutawa a inuwa, kada ta daɗe a tsaye. Da keke ko ba keke, wannan tsakaninku ne."

"In ke ce fa?"

"In ni ce, zan tafi da shi. Amma ba zan ce mata ta hau ba."

A hanyar komawa gida na samo dabarar da kowa zai iya haɗiyewa. Na ce keken na ƙaramar ne, ita da ba ta cika shekara biyu ba, kuma za a ɗora ruwa da abinci a ƙasansa. Malam ya dube ni ta gefen ido ya ce to. Yarinyar ta ce, "Na ƙanwata ne ko?" Na ce na ƙanwarta ne. Ta ce, "Ki rantse." Na ce ba a sa uwa rantsuwa. Dukanmu mun san abin da ake ciki, amma aka bar shi a haka.

Da sassafe muka tashi, a motar ƙanin Malam. Na cika gorunan ruwa, na sa maganin ciwo da katin asibitinta a jaka, da rigar sanyi ko da za a yi hadari. Tun daga Tashar Yari nake miƙa mata ruwa. Kafin mu wuce Zariya sai da muka tsaya mata sau biyu. Ita kuwa tana maƙale da taga tana ƙirga tireloli, tana ba babanta labarin yadda za ta ɗaga hannu in lilon ya kai sama.

Wurin ya fi yadda yayata ta kwatanta. Hutu ne, kamar duk yaran garin an juye su a can. Kiɗa na tashi daga lasifika ta ko'ina, ƙamshin gugguru ya cika iska, daɓen siminti yana huci tun hantsi. Muka buɗe keken muka sa ƙaramar. Ba mu kai ƙofar shiga ba ta fara banƙarewa tana tsala ihu, tana miƙo mini hannu. Yarinyar da ta saba da baya ina za ta yarda da wannan? Dole na ciro ta na goya. Muka ɗora kular abinci da gorunan ruwa a mazaunin, Malam ya kama turawa. Mutum da hularsa da babbar riga yana tura kular shinkafa a keken jarirai. Ya sunkuyo ya ce mini, "Kin ga abin da kika mai da ni." Amma dariya yake yi.

Babbar ta fara da dawakin roba masu zagayawa. Ta hau wani fari, ta riƙe sandar da hannu biyu, hijabinta na tashi. Duk zagayen da za ta yi sai ta kira babanta. Ni ba dokin nake kallo ba. Idonta nake dubawa ko ya ƙara rawaya, da leɓenta ko ya bushe. Da ta sauko na tare ta da gora. Ta hau ƙaramin jirgin ƙasa, ta sauko, na tare ta da gora. Muka nufi wajen motocin karo, tana gaba tana tsalle, ina baya ina kallon yadda take taka ƙafar hagu, wadda ta fi yawan tashi.

"Zo mu zauna kaɗan."

"Ban gaji ba."

"Ki sha ruwa to."

Ta juyo. Fuskarta duk gumi. "Umma, don Allah ki daina kallona."

Na ji kamar ta watsa mini ruwan zafi. Malam ya ce, "Ƙyale ta, ta sha iska." Na kawar da kai na yi kamar ina gyara goyo. Ban daina kallonta ba, sai dai na koma yi a sace.

Muka sami gindin wata bishiya muka ci abinci, muka yi azahar. Na so a ce a nan za a tsaya. Amma babban lilon yana can ƙarshen filin, kamar ƙafar keke da aka tsayar, da kujeru a rataye, kuma don shi aka zo. Muka taka har can. Layin ya yi lanƙwasa biyu, duk a rana, sai wata 'yar rumfar kwano a daidai bakin shiga.

Muka shiga layi. Yana tafiya, amma kamar ba ya so. Da farko tana ta surutu. Can ta yi shiru. Na ga ta ɗaga ƙafar hagu ta ɗora a kan ta dama. Ta sauke. Ta dafa ƙarfen da aka kewaye layin da shi, ya ƙona ta, ta saki. Ta tsuguna kamar mai gyara takalmi, ta daɗe ba ta miƙe ba.

"Mene ne?" na ce.

"Takalmin ne ya matse ni."

Takalmin da ni na saya da girma. Na fara lissafin inda asibiti mafi kusa yake, da nisan da ke tsakaninmu da mota. Maganar keken tana bakina, na tuna abin da nas ta ce, na danne.

Malam ya durƙusa kusa da ita. "Uwata, zo in ɗora ki a kafaɗa, ki riga kowa ganin sama."

Ta dubi 'yan matan da ke gabanmu, sa'o'inta, da jakunkunansu da gilashin rana. Ta girgiza kai.

"To mu fita mu huta, mu dawo."

"Layin zai wuce mu."

Aka matsa gaba kaɗan. Ta miƙe ta yi taku biyu, na ga ta cije leɓe. Ban ce komai ba. Ban taɓa yin shirun da ya yi mini wuya irin wannan ba. Ta tsaya tana kallon keken, da kular da babu komai a cikinta yanzu. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Umma, in mutum yana zaune, ana ƙirga shi a layi?"

"Ana ƙirga shi."

Malam ya ɗauke kular ya rataya a hannu. Ta shiga ta zauna, ta lanƙwashe gwiwoyinta, ta jawo rumfar ƙasa har ta rufe mata fuska. Ba abin da ake gani sai hijabi da ƙafafu. Na zura mata gora ta ƙarƙashin rumfar, ta karɓa. Na tsuguna da goyona na cire mata takalmi ina murza mata ƙwauri a hankali.

"Yana sara?"

"Kaɗan."

"Kaɗan na gaskiya?"

"Na gaskiya. Gajiya ce."

Na ba ta maganin duk da haka.

Wata mata da ke bayanmu da 'ya'yanta ta leƙo. Ba da mugunta ba, irin masu magana da kowa ce. Ta ce, "Ikon Allah! Wannan ƙatuwar ce a keke, ƙaramar a baya? Ke 'yan mata, ba kya jin kunya?" 'Ya'yanta suka ƙyalƙyale da dariya.

Na miƙe, raina ya ɓaci, na buɗe baki zan gaya mata abin da ke damun yarinyar don ta ji kunyar kanta. Na fara, "Baiwar Allah, yarinyar nan tana da..." Sai na ji an riƙe mini gefen zane. Daga ƙarƙashin rumfar ta ce, a hankali, "Umma, kar ki faɗa."

Malam ne ya juya ya ce wa matar, "Hajiya, daga nesa muke. Ta gaji ne." Matar ta ce Allah sarki, ta koma kan 'ya'yanta.

Haka muka ƙarasa layin, yana turawa taku-taku. Da muka iso rumfar kwanon ta fito da kanta, ta sa takalmi, ta gyara hijabi. Na ce ko a haƙura. Ta dube ni irin kallon da ya sa ban maimaita ba. Suka shiga kujera ɗaya da babanta, aka saƙala musu ƙarfe, lilon ya ɗaga. Na tsaya a ƙasa da goyo da keke, wuyana a sama, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da suka kai ƙololuwa lilon ya tsaya don a ɗauki wasu a ƙasa. Kujerarsu na lilo a iska. Na ga ɗan ƙaramin hannu ya ɗago, ɗaya kawai, ɗayan na riƙe da rigar babanta.

Da suka sauko bakinta bai rufu ba. Ta ga kogi, ta ga gada, ta ga motoci kamar ƙwaro. Daga nan zuwa mota tafiya ce mai tsawo, kuma ba wanda ya yi mata tayi. Ta yi ɗan taku, ta tsaya, ta shiga keken. Wannan karon ba ta ja rumfar ba, don tana shan askirim, kuma labarin bai ƙare ba.

Ni kuwa tsorona bai sauka ba, don na san ciwon ba a ranar yake nuna kansa ba. Washegari da asuba na je na tsaya a kanta. Jikinta da ɗan ɗumi. Da ta farka ta ce gwiwar hagu na yi mata nauyi. Na dafa ruwa na gasa mata da tawul, na ba ta magani, na dama mata kunu. Na haɗa jakar asibiti na ajiye a bayan ƙofa inda ba za ta gani ba. Malam bai je gona ba, ya zauna a zaure da waya a hannu, ya riga ya gaya wa ƙaninsa kada ya yi nisa da motar. Duk bayan ɗan lokaci sai in shiga in tambaye ta, ta ce yana nan yadda yake. Bai ƙaru ba, bai ragu ba. Na kasa cin abinci. Sai bayan la'asar na jiyo muryarta a tsakar gida tana yi wa ƙanwarta faɗa a kan ta taɓa mata littafi. Na leƙo na gan ta a tsaye da ƙafafunta biyu. Na koma ɗaki na ɗauke jakar asibitin daga bayan ƙofa.

Har yau ba mu daidaita da Malam a kan zancen ba. Shi yana cewa ko ba keken da lafiya za a dawo, da ya ɗauke ta ko ta ƙi ko ta so. Ni ina cewa zaman da ta yi a layin nan ne ya tsayar da ciwon a gwiwa. Babu mai iya tabbatar wa ɗan'uwansa.

Da aka koma makaranta, ƙawayenta suka biyo ta gida jin labari. Ina kicin ina jin ta tana ba su, tiryan-tiryan, har da yadda babanta ya rufe ido a sama. Zancen keke bai fito ba. Bayan sun tafi ta leƙo ta ce, "Umma, Abba ya ce in na kai izu goma za mu koma." Na ce Allah ya kai mu. Ta tsaya tana jiran in ƙara wani abu, ni kuma na ci gaba da tankaɗen garina.